Birkin da Ya Ƙi Kamawa Bayan an Sauya Masta

Daga cikin mas'alolin da suke ɗaure wa makanikai kai, musamman samarin da ba su daɗe da barin hannun iyayen gidansu ba, da wuya a sami wadda ta kai wannan ɓacin rai: mota ta shigo gareji birkinta ya yi rauni, a duba a ga masta ce, watau famfon da ke tura man birki, ta gaji, mai mota ya ciro kuɗi a sayo wata a ɗaura, sa'an nan a taka feda ta zarce har ƙasa ba abin da ya tare ta, watau ciwon ya fi yadda ya zo tsanani. A nan ne direba zai tsaya a ka yana duban rana, maigida ya hau yaro da faɗa, daga bisani a ɗora wa ɗan kasuwa laifi a ce jabu ya bayar, a kwance a mayar a musanyo wata, ita kuma ta maimaita halin 'yar'uwarta. Alhali kuwa wannan ciwo sababansa ƙididdigaggu ne, kuma akwai tafarkin da in mutum ya bi shi daki-daki, cikin natsuwa, bai tsallake mataki ba, zai kai shi ga yaƙini ba tare da ya sa an sayi ko noti guda bisa zato ba.

Maganata a kan motocin kaya masu birkin mai take, tun daga a-kori-kura irin Hilux har zuwa Dyna da Canter da danginsu, waɗanda su ne ke ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye da tumatir daga fadamu. Amma tirela da manyan tifofi, waɗanda birkinsu iska ce zalla, ba su da masta sam, saboda haka hukuncinsu dabam ne, ba ya cikin wannan babi.

Wajibi ne mu fara da asali, domin wanda asalin abu ya ɓace masa, rassansa za su yi ta ruɗa shi. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, shi ne ya tabbatar da cewa ruwan da aka kulle a cikin mazubi, in aka matsa shi ta gefe guda, matsin yana isa kowace kusurwa daidai wa daida. A kan wannan ƙa'ida ce wani Ba'amurke, Malcolm Loughead, ya gina birkin mai wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, har kamfanin Duesenberg ya fitar da mota mai irin wannan birki a ƙafafunta huɗu a 1921. Mai ba ya yarda a takure shi ya ragu. Ita iska kuwa ɗabi'arta saɓanin haka ce, ana matsa ta sai ta ƙanƙance, ta shanye ƙarfin da aka sa mata ba ta miƙa shi gaba ba. To, abin da ya kamata mai koyo ya riƙe da kyau shi ne ƙarancin man da masta ke turawa. Mastar da faɗin raminta ya kai inci ɗaya, watau milimita 25.4, in fistinta ya yi tafiyar milimita 30, man da za ta tura duka-duka wajen mililita 15 ne, cikin babban cokali guda ke nan. Da wannan ɗan abin ne ake so a cike tazarar da ke tsakanin takalma da ganga a kowace ƙafa, sa'an nan a sami saura wanda zai matse har ya tsayar da mota da lodinta. Duk abin da ya ci wani kaso daga ciki, ko kumfar iska ce, ko rata a bakin sandar da ke tura fistin, ko takalmin da ya yi nisa da ganga, ko tiyo mai kumbura, ko yoyo, to rabon ƙafafu ya rage, kuma in masu cin suka yi yawa feda za ta kai ƙasa tun matsi bai taru ba. Binciken duka, daga farkonsa har ƙarshe, neman wanda ya ci wannan kaso ne.

A cikin mastar zamani fistin biyu ne a jere cikin rami guda, kowane da hanyarsa, galibi ɗaya ta ƙafafun gaba ɗaya ta na baya, domin in hanya guda ta fashe ɗayar ta tsare rayuka. Amurka ta wajabta wannan tsari da doka a ƙarshen shekarun 1960. Kowane fistin yana da roba a goshinsa, a gaban robar kuma, dab da ita, akwai wata 'yar mitsitsiyar kafa da ta haɗa ramin da kofin mai na sama. Muddin ba a taka ba kafar a buɗe take, mai yana shiga yana fita, amma da zarar fistin ya motsa kaɗan sai roba ta wuce ta ta rufe ta, daga nan ne matsi ke farawa. A riƙe wannan kafa a zuciya, za mu dawo gare ta.

Kafin a ɗauki sifana, a fara sauraron shaidar feda. A kashe inji, a taka sau huɗu ko biyar don ƙarfin da busta, watau abin da ke ƙara wa taku ƙarfi, ta ajiye ya ƙare, sa'an nan a bar tafin ƙafa ya ba da labari. In feda tana da laushi, tana lotsawa tana dawowa, kuma in an yi ta bugawa ta ɗan taso amma laushin bai rabu da ita ba, wannan iska ce. In kuwa sai ta yi nisa kafin ta kama, amma in ta kama ta tsaya da tauri, to rata ce. In bugu na biyu ya ɗago ta sama ratar tana ga takalma, in bai ɗago ta ba a tuhumi sanda. In ta tsaya da farko, amma da aka ɗora mata ƙafa da matsakaicin nauyi tsawon rabin minti sai ta riƙa sulalewa sannu a hankali, mai ne ke guduwa, ko dai ta waje inda ido zai gan shi, ko ta ciki, yana zagaye roba yana komawa kofi ba tare da ɗigo guda ya taɓa ƙasa ba. In kuma ta faɗi gaba ɗaya ba turjiya ko kaɗan, galibi mastar ce ba ta ɗauki mai ba tukuna. Rarrabe waɗannan alamomi yana da fa'ida babba, gama na sha ganin ana ɓarnar man birki gwangwani bayan gwangwani, ana neman iska a motar da ba ta da iska ko kaɗan, takalmanta ne kawai ke son a matso da su.

Sababin da ya fi kowanne yawa, nesa ba kusa ba, shi ne ɗaura masta a bushe. Sabuwar masta daga kwali cike take da iska, kuma a motoci da dama ba a kwance sosai take zama ba, hancinta yana ɗan ɗagawa, sai iskar ta tattaru can ƙurya, sama da ƙofar da mai ke fita, inda ko kwana aka yi ana buɗe ƙusoshin ƙafafu ba za ta sauko ba. Ƙari a kan haka, ba kullum feda take kai fistin ƙarshen tafiyarsa ba. Maganin shi ne a fitar mata da iska a kan teburi tun ba a ɗaura ta ba, in kuwa an riga an ɗaura, a daure a kwanto ta, domin wahalar kwance notoci huɗu ba ta kai ta yini guda a ƙarƙashin mota ba.

A ɗaure ta a bais ta kunnuwan da notoci ke shiga, kada a matse gangar jikinta, don matsi yana iya tauye ramin har fistin ya riƙa sarƙewa, kuma a daidaita ta ta kwanta sosai. A ɗaura gajerun tiyo biyu, masu nuna abin da ke cikinsu, a ƙofofin fita, a lanƙwaso bakunansu su koma cikin kofi, a zuba sabon mai har ya nutsar da su. Sa'an nan a sami sanda mai dakusasshen kai, ta itace ta fi, a tura fistin a hankali kimanin santimita biyu, a sake shi a hankali, a dakata daƙiƙa goma ko goma sha biyar kafin a sake turawa. Wannan dakatawa ita ce ruhin aikin, domin a cikinta ne mai ke gangarowa ta kafar nan ya maye gurbin iskar da ta fita. Mai gaggawa kuwa, wanda ke ta surfa fistin ba hutawa, ba abin da yake yi illa farfasa manyan kumfa su zama ƙanana su gauraye da mai, ya koma fari-fari, ba zai ƙara amfani ba sai an bar shi ya kwanta. Ana ci gaba da haka, ana ɗan ƙwanƙwasa jikinta da ƙotar sukuddireba, har tiyo biyun su daina nuna kumfa ko ɗaya. In an mayar da ita mota, kafin a ƙarasa ɗaure notocin bututu, yaro ya taka a hankali, a bar mai ya tsattsafo ta bakin zare, a ɗaure tun bai saki ba, tsumma kuwa yana ƙasa, gama man birki yana cin fenti. A motocin da direba ke zaune a kan inji, sau da yawa kofin yana nesa da masta, tiyo ne ke haɗa su, sai a tabbata ba su karye ba, ba su tsage ba, kuma babu inda suka yi tozon da zai riƙe iska.

In an yi duk wannan feda ba ta gyaru ba, to a nan ne ake bukatar ladabin alƙali adali, wanda ba ya tara waɗanda ake tuhuma ya yanke musu hukunci a dunƙule, sai ya ware su ya ji ta bakin kowa shi kaɗai. A kwance bututan biyu daga masta, a toshe ƙofofinta da matosai masu zare daidai da nata. Wanda ba shi da na saye yana iya yanko guntun tsohon bututu da notinsa, ya daddale bakin ya liƙe shi da walda. Sa'an nan a taka da matsakaicin ƙarfi. Lafiyayyar masta da aka toshe, fedarta tana tsayawa can sama, da tauri, ba ta motsi, kuma in aka sami haka, masta da sanda sun kuɓuta daga tuhuma, kada wanda ya ƙara ambaton mayar da ita kasuwa. In ta yi laushi, da sauran iska a cikinta. In ta yi tafiyar wofi kafin ta tsaya da tauri, sanda ce. In kuwa ta sulale ƙasa alhali ba inda ke ɗiga, to hujja ta tabbata a kan robobinta, kuma a wannan hali ne kaɗai ya halatta a ce masta ba ta da kyau.

Wannan yakan auku ga sabuwa jefi-jefi, amma ya fi yawa ga ta hannu, wadda aka kwanto daga motar da ta daɗe a ajiye. Dalili kuwa shi ne, a zamanta na da fistin bai saba wuce tsakiyar ramin ba, can ciki tsatsa da dauɗa sun taru, ranar da aka zo fitar da iska aka taka har ƙasa sai roba ta bi ta kan tsatsar ta yage. Shi ya sa yake mustahabbi a ajiye guntun katako a ƙarƙashin feda lokacin wannan aiki. A ra'ayina, cikin kayan mota akwai waɗanda sayen na hannu ba laifi ba ne, amma masta ba ta cikinsu sai bisa larura, kuma ko a larurar a buɗe ta, a haska ramin, a sa mata sababbin robobi.

Sandar da ke fitowa daga busta ta shiga gindin fistin ita ce aka fi mantawa da ita, domin da zarar an ɗaura masta ido ba ya ƙara ganinta. Sharaɗinta shi ne ta kusanci fistin har ta kusa taɓa shi, amma kada ta tura shi. Tazarar da ake bari ba ta wuce rabin milimita ba a yawancin motoci, kuma littafin kowace mota ya ambaci tata. Gurbin da sandar ke shiga kuwa zurfinsa ya bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta, har akan sami masta biyu masu kama ɗaya a ido, ɗaya gurbinta mai zurfi, ɗaya marar zurfi. In sanda ta gaza, feda za ta yi tafiyar banza kafin ta riski fistin, kuma da yake tafiyar feda tana ninka ta sanda sau huɗu zuwa shida, ratar milimita 3 a can ta isa ta zama fiye da santimita guda a ƙarƙashin ƙafa. In kuwa sanda ta yi tsawo, illar ta fi ɓuya kuma ta fi haɗari: fistin ba zai koma mazauninsa ba, roba ta zauna a kan kafar nan ta toshe ta, mai ya kasa saukowa daga kofi, a yi ta buɗe ƙusoshi ba abin kirki da ke fitowa; in ma an yi dace birki ya samu, to bayan tafiyar 'yan kilomitoci mai zai yi zafi ya kumbura, ya rasa hanyar komawa, ƙafafu su kama da kansu, ganga ta fara hayaƙi.

Saboda haka kada a jefar da tsohuwar masta sai aiki ya ƙare, ita ce mizani. A auna zurfin gurbinta daga fuskar da ke zama a jikin busta, a auna na sabuwa, in sun saɓa a gyara sanda gwargwadon saɓanin, ta wajen kanta mai zare, rabin juyi rabin juyi. Mastar da aka zura ta turje kafin ta zauna, sai notoci ne suka jawo ta, sandarta ta yi tsawo. Haka kuma in ƙafafu sun kama, aka sassauta notocin da ke riƙe da masta ta ɗan matso gaba, sai ƙafafun suka saki, shaida ta cika. Wajen wannan gyara a kiyayi fizgo sandar waje, domin a bayanta akwai wani ɗan faifan roba, in ya faɗa cikin busta feda za ta yi nisa, sa'an nan birki ya riƙa cafka farat ɗaya. A leƙa ƙarƙashin sitiyari kuma, a ga ko feda tana komawa har iyakarta, gama makunnin fitilar birki da aka murɗa ya shige da yawa yana iya riƙe ta, ya haifar da irin illar doguwar sanda.

Akwai kuma mastar da lafiyarta lau, sai dai ba ta wannan mota ba ce. In aka sa mai ramin milimita 22.2 a gurbin mai 25.4, bambancin a ido ƙanƙane ne, amma faɗin fuskar fistin ya sauko daga kimanin murabba'in milimita 507 zuwa 388, watau kusan rubu'in man da ake turawa ya tafi, feda ta yi nisa ta yi laushi ko babu ƙwayar iska. In aka sa wadda ta fi girma, feda ta tsaya sama da tauri, direba ya yi murna, amma motar ba ta tsayawa sai ya miƙe a kanta. Wasu mastocin motoci masu ganga suna da ɗan bawul a ƙofar fita wanda ke riƙe ɗan matsi a bututu ko da an saki, kuma mastar da ba ta da shi tana sa bugun farko ya yi nisa. Zaren noti ma iri biyu ne masu ruɗi, na milimita 10 da na inci uku bisa takwas, ƙaramin yana shiga babban ya yi kamar ya ɗauru, sai matsi ya zo ya tona asiri. Bakin bututu shi ma akwai buɗaɗɗe akwai dunƙulalle, ɗaya ba ya zama a mazaunin ɗaya. Wanda zai tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna sayen masta, ya tafi da tsohuwar a hannu da lambar shasi a takarda.

To, in masta ta kuɓuta, sai a cire matoshi guda a mayar da bututunsa, a fitar da iskar wannan hanya, a taka a ji, sa'an nan a mayar da na biyu. Hanyar da feda ta faɗi bayan an haɗa ta, can ciwon yake. Ana iya ƙara taƙaitawa ta hanyar matse tiyon kowace ƙafa da mamatsi mai santsin baki, ana sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Filaya mai haƙora kuwa haramun ce a wannan wuri, tana ƙuje tiyo ta ciki inda ba a gani.

Amma kafin a buɗe ƙusar iska ko ɗaya, a fara gyara takalma. A ɗage ƙafa, a matso da takalmi har ganga ta kama, a sassauta kaɗan har ta juya da ɗan gogayya. A Canter da Dyna masu ganga a gaba, sau da yawa silinda biyu ce a ƙafa guda, kowace da wajen gyaranta, kuma wanda ya gyara ɗaya ya manta ɗaya rabin aiki ya yi. A Hilux da irinta akwai gwaji mai sauƙi: a ja birkin hannu a taka feda, in ta taso, takalman baya ne suka yi nisa; sai dai wannan gwaji ba ya aiki a motar da birkin hannunta a jikin farfela yake.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne, kuma lafiyarsa tana ga jin magana. Ana farawa daga ƙafar da bututunta ya fi tsawo. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972 yawancin motocinmu sitiyarinsu a hagu yake, don haka galibi ƙafar baya ta dama ce farko, sai ta hagu, sai ta gaba ta dama, a rufe da ta kusa da direba. Amma motar da aka juya mata sitiyari, a bi bututun da ido a ga inda ya bi. A sa tiyo a kan ƙusa, bakinsa a nutse cikin kwalba mai ɗan mai. "Taka a hankali, yaro, sau uku, ka riƙe." "Na riƙe, Maigida." Sai a buɗe rubu'in juyi, mai ya fita. "Ta tafi ƙasa, Maigida." "Kada ka ɗaga sai na ce." A rufe ƙusa, sa'an nan a ce ya saki. Yaron da ya ɗaga ƙafa ƙusa tana buɗe ya zuƙo iska ya mayar da aiki baya, wanda kuma ya bari kofi ya ƙafe ya mayar da shi farko ɗungurungum, har teburi.

Akwai wuraren da iska ke laɓewa waɗanda ba kowa ke tunawa da su ba. A ƙarƙashin Hilux da motoci irinta, kusa da aksul na baya, akwai bawul mai auna lodi, wanda ke rage wa ƙafafun baya matsi in mota ba ta da kaya. Yana da ƙusar iska tasa ta kansa, a fitar masa bayan an gama da ƙafafu, kuma a tallafe motar ta aksul, domin in aka ɗaga shasi ƙafafu suna reto bawul ɗin zai ɗauka motar fayau take, ya tsuke hanyar mai. In an taɓa kwance kalifa, watau abin da ke matse faifan gaba, a duba ko ƙusar iska a sama take, gama in aka musanya ta dama da ta hagu ƙusar takan koma ƙasa, iska kuwa sama take tashi. Motar da ke da ABS, in iska ta shiga akwatinsa, sau da yawa ba ta fita sai an haɗa na'urar da za ta sa bawulolinsa su buɗe su rufe. A sa yaro ya danne feda, a bi kowane tiyo da hannu a ji ko yana kumbura, a ɗaga robar ƙura ta kowace silinda a ga ko da danshi, a girgiza ƙafar gaba, domin boris da ya yi sako-sako yana sa faifai ya tura fistin baya, bugun farko ya tafi a banza.

Game da man kansa, a karanta abin da aka rubuta a murfin kofi. DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuwa 230, amma dukansu suna shan laimar iska, kuma in sun sha, haddin yana saukowa zuwa 140 da 155. Shi ya sa gwangwanin da aka buɗe aka bari ya kwana biyu a kan teburi ba abin yarda ba ne, wanda ya fito ta kwalba kuma ba ya komawa kofi. DOT 5 jinsinsa dabam ne, ba a gauraya shi da su. Baƙin mai da fetur da kananzir suna kumbura roba, ko wankin kayan birki kada a yi da su. Amma ɗabi'ar nan ta zuba ruwan sabulu a kofi, wadda wasu ke yi wai don lallaɓawa, ina roƙon duk mai karanta wannan ya bar ta ya kuma hana: ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma motar da ke sauka Hawan Kibo da lodi, a hanyar Jos zuwa Akwanga, gangunanta suna wuce wannan zafi nesa, ruwan ya zama tururi, tururi kuwa hukuncinsa hukuncin iska ne. Alhakin waɗanda ke bayan motar da waɗanda ke gefen hanya yana wuyan wanda ya zuba.

Busta kuwa ana yawan ɗora mata laifin da ba nata ba. In ta mutu, ko famfon da ke zuƙe mata iska a motar dizal ya gaza, feda tauri take yi, ba laushi ba. Gwajinta shi ne a ƙarar da ajiyarta inji yana kashe, a danne feda, a tayar da inji. In fedar ta ɗan sauka, bustar tana aiki.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada a sallami mota daga kan jak zuwa lodi. A tayar da inji, a danne feda rabin minti a ga ba ta sulale ba, a share kowane noti da tsumma a sake dannawa a duba. Sa'an nan a fita da ita fili marar jama'a, a gwada da gudu kaɗan, hannu yana kusa da birkin hannu, a ƙara gudu sannu-sannu, a lura ko tana fizga gefe guda. Bayan tafiyar kilomita biyu ko uku a tsaya a kara bayan hannu kusa da kowace ganga, ba tare da an taɓa ba. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi tana kamawa, in kuwa duka huɗun ne suka yi zafi a koma ga sanda. A yi alama a jikin kofi daidai inda mai ya tsaya, a ce wa direba ya duba ta washegari da safe kafin ya tashi. In mai ya ragu alhali ba a ga ɗigo a ƙasa ko a cikin taya ba, a sassauta notocin masta a leƙa tsakaninta da busta, domin man da ya zubo ta robar baya cikin busta yake taruwa, kuma in an same shi a can sai an tsotse shi an sauya robar kafin motar ta ɗauki kaya.